Darasin Timbuktu Ga Masu Gudun Gidan Tarihi

A watan Agustan 2025 hukumomin Mali suka fara mayar da tsofaffin littattafan Timbuktu gida, bayan an kwashe su a ɓoye zuwa Bamako tun 2012 don tsoron masu ɗauke da makamai. Iyalan da suka gaje su sun sayar da rai domin takardun fiƙihu da falaki da likitanci. Mun yi murna, amma namu fa?

A Kano ga Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa. A Kaduna ga Arewa House, tsohon gidan Sardauna, inda ake adana rubuce-rubucen Larabci da ajami. Da yawanmu mun tsufa ba mu taɓa leƙa su ba, domin mun ɗauka gidan tarihi ɗakin gumaka ne.

Abin da shari'a ta haramta shi ne girmama gunki da neman albarka gare shi. Dubawa domin wa'aztuwa kuwa, Alƙur'ani ya kwaɗaitar da ita a wurare da dama, inda ya umurce mu da duba makomar al'ummomin da suka shuɗe.

Illar ƙauracewar a bayyane take: ɗalibinmu ya haddace sunan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, bai taɓa ganin rubutun hannun malaman zamaninsa ba, littattafan kakanni kuma gara na cin su a zaure. Mu kai yaranmu da niyyar neman ilimi, mu kai abin da muka gada a ɗauki hotonsa a adana. Allah Ya sa mu dace.