Mai jego ta aiko da zubi, ita ba ta zo ba

 Yau maganarmu kan mai jego ce.

Mun san yadda abin yake a Sabon Maci. Ranar suna gida cike, kwana arba'in ana wankan jego ana dama kunun kanwa, daga nan kowa ya watse. To a nan ne wata ke shiga wani hali: yaro ya yi barci ita ido biyu, abinci ba daɗi, kuka ba dalili, tana ganin ba ta iya riƙon ɗanta ba. Kukan kwanakin farko yakan wuce kafin sati 2. In ya zarce haka ciwo ne, ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 kan shiga irin wannan matsala bayan ta haihu. Ku ƙirga haihuwar da aka yi cikin ƙungiyarku bana.

Ya fi kama yarinyar da aka aurar da wuri, da mai kwanika, da wadda ta sha wuyar naƙuda ko ta taɓa rasa ɗa. Haka wadda mai gidanta ya tafi biɗa Najeriya ko Libiya ya bar ta da rumbu wayam. Wadda ake duka kuwa, kada mu yi kamar ba mu sani ba.

Me ya sa ba a gane shi? Kunya. Mai haihuwar fari ko sunan ɗanta ba ta faɗi, balle ta ce zuciyarta ba daɗi. In ta je likita sai ta ce kanta ke ciwo. A auna yaro, a yi mishi rigakafi, ita a ba ta ƙwayar ciwon kai ta dawo. A gida wasu su ce iskoki ne, wasu su ce kishi ko lalaci, sauran su ce ta yi haƙuri. Addu'a ba mu raina ta ba, amma mai zazzaɓi ma ai muna haɗa mata addu'a da likita.

Tun 1991 da CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi, duk sati ake haɗuwa. Babu mai lura da rashin mace kamar mu. In arba'in ya wuce, mai jego ta yi sati 2 tana aiko yaro da zubi, kada a ci ta tara. A tura mata biyu, su zauna, su tambaye ta: ke, kina barci? Kina ci? Su raka ta CSI, su taya ta faɗin abin da ke ranta.

In ta fara zancen mutuwa ko cutar da jaririn, ko tana ganin abin da ba a gani, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta ranar. In an tura ta asibitin Dakoro, kuɗin mota ya fito daga asusun taimako, ba bashi mai riba ba.