"An yi hoto, ba a ga komai ba": maganar da ke cutar da yaranmu

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin iyaye da malaman makaranta a Madarunfa da ƙauyukanta, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tuhume ta. Yaro yana tari duk dare, ƙirjinsa yana fito, ba ya iya gudu da sa'anninsa. A kai shi Maraɗi, a ɗauki hoton ƙirji, wanda muke cewa radiyo, a dawo a ce: an yi hoto, ba a ga komai ba. Shi ke nan an rufe magana. A gida ya zama rago, a aji ya zama mai ƙarya. Ni kuwa na ce wannan hukunci zalunci ne, kuma jahiltar aikin hoton ce ta haife shi.

Bari mu fara da abin da hoton yake nunawa. Tun 1895 da Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske, aikinsa shi ne nuna inuwar abin da ke cikin jiki: ƙashi, girman zuciya, ruwa a huhu, tabon tarin fuka, ciwon nimoniya. A nan yana da amfani ƙwarai. Amma bai nuna tafiyar iska. Hanyar numfashi tana rarrabuwa kamar rassan bishiya har wajen sau 23 kafin ta kai ga ƙananan jakunkunan da jini ke karɓar iska a cikinsu. Cutar asma da cutar toshewar huhu mai daɗewa suna kama ƙananan rassan nan ne, waɗanda faɗinsu bai kai milimita 2 ba, kuma radiyo ba ya ganin su. Shi ya sa mafi yawan masu asma hotonsu fes yake fita. Wanda ya ɗauki hoton fadama daga kan tudu zai ga kwalbatoci da magudanai, amma ba zai san wace gona ce ruwa ya daina kaiwa ba.

Masu bincike a ƙasashen waje sun daɗe da gane wannan giɓi, suka nemi hanyar ganin iskar kanta. Da na'urar sikana, wadda Godfrey Hounsfield ya fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971, ana ɗaukar hoto bayan mutum ya fitar da numfashi, sai a ga sassan da iska ta maƙale ta ƙi fita. Akwai kuma dabarar sa mutum ya shaƙi wata iska mai suna zenon, ya riƙe numfashi na ɗan lokaci a cikin na'urar MRI. Inda iskar ta kai sai ya yi haske, inda ba ta kai ba ya zauna baƙi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wannan dabara a watan Disamba na 2022. Abin da hotunan suka nuna shi ne, huhun mai asma ba ya cika daidai: nan iska ta shiga, can ta toshe, kuma sau da yawa bayan an shaƙi magani wasu wuraren da suka toshe sukan buɗe. Wato yaron da ya ce numfashinsa ba ya isarsa gaskiya ya faɗa. A wannan fage gani bai kori ji ba.

Na san abin da wani zai ce: ina mu ina MRI, mu da ke fama da tamowa da zazzaɓin cizon sauro, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana tallafa wa sashen yara na asibitin Madarunfa? Ban ce a sayo mana ita ba. Darasin nake so mu ɗauka, kuma darasin ba ya cin kuɗi. Awon iska yana da kayan aikinsa mai sauƙi: na'urar busawa, wadda John Hutchinson ya fito da ita tun 1846. Mutum ya cika ƙirji ya busa da ƙarfi, ta auna abin da ya fita. Mai lafiyar huhu yakan fitar da sama da kashi 70 cikin ɗari a daƙiƙar farko. Ta yanzu tana shiga aljihu, kuma yaro ɗan shekara 6 yana iya busa ta. Ita ya kamata mu riƙa tambaya, mu matsa wa hukumomin lafiya na jihar Maraɗi su wadata cibiyoyinmu da ita, su horar da ma'aikata.

Sannan mu duba abin da ke toshe huhun tun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a 2020. Mu nan da itace da karan gero muke girki, itacen dajin Baban Rafi har Maraɗi ake kai shi. Uwa tana gaban murhu, jariri yana goye, ƴar budurwa tana hura wuta da baki. Da hunturu kuma a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, a waje ga ƙura da hazo. Huhu yana ci gaba da girma har bayan shekara 20. Wanda hayaƙi ya naƙasa a yarinta ba ya kai cikar ƙarfinsa. Matar da ba ta taɓa riƙe taba ba sai ta tsufa da huhun mashayi.

Malamai, kasonmu a laifin ba ƙarami ba ne. Wa yake sa yara sharar busasshen aji da sassafe ba tare da yayyafa ruwa ba? Wa yake ƙona shara da ledoji a bayan tagar aji? Wa yake tilasta wa mai haki zagaya fili, in ya tsaya a ce shagwaɓa ce? Ku yayyafa ruwa kafin shara, ku nesanta wutar bola, ku rubuta sunan duk yaron da tari ke yawan hana shi zuwa, ku kira iyayensa.

Iyaye kuma, ku yi girki a fili ko a madafa mai taga, ku sauke goyo kafin hura wuta. Tarin da ya wuce mako 2 a je a yi awon kaki, domin tarin fuka yana warkewa da maganin wata 6. In likita ya rubuta maganin shaƙa irin su Ventoline, kada ku saurari masu cewa yana kama jiki ya zama jaraba. Ƙarya ce, buɗe hanyar iska yake yi. Yawan bukatarsa alama ce ta cewa cutar ba ta lafa ba, sai a koma wurin likita ya ƙara maganin rigakafi. Sirop na masu tallar magani a kan tire ba ya maye gurbinsa.

In aka sake ce muku hoto bai nuna komai ba, ku gode wa Allah cewa ba a ga tabo ko ruwa ba, sannan ku yi tambaya ta biyu: to, an auna numfashinsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ƙirjin nan na yaron ne.