A tausaya ma mai sayen mega

Yau sanarwar hukuma da labarun ƙasa sun shiga cikin salula. Manomi a karkarar Tawa ko Damagaram kan sayi mega da kuɗin guminsa don ya duba sakamakon jarrabawar ɗansa. Ya buɗe shafin intanet, ya zauna jira, hotuna na sauka sannu sannu, kafin ya kai ga abin da yake nema mega ta ƙare. Mukan ce laifin rezo ne. Gaskiya ne, amma masu gina shafin ma suna da nasu kason.

Ga yadda abin yake. Hoton da salula ke ɗauka yakan kai ɗigo 4000 a faɗi, nauyinsa kamar mega 3. Ma'aikaci ya ɗora shi yadda yake, ya umurci shafi ya nuna shi ɗan ƙarami kamar tambarin wasiƙa. A ido ya ƙanƙance, amma nauyinsa na nan. Hotuna 20 irin wannan, mega 60 ke nan a shafi guda. Da an rage kowane zuwa ɗigo 300, duka ba su cika mega 1 ba.

Mai hatsi a kasuwar Maraɗi ba ya aza ma mai saye buhu a ka don ya ga ƙwaya. Cikin tafin hannu ya isa. Haka ƙaramin hoto yake: samfur ne, wanda ya so babban sai ya taɓa.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Na farko, a yanka ƙaramin hoto sau ɗaya lokacin ɗorawa, a ajiye shi, kada na'ura ta riƙa maimaita aikin ga kowane baƙo. Na biyu, a yi amfani da tsarin WebP da kamfanin Google ya fitar a 2010, wanda ya fi JPEG sauƙin nauyi. Na uku, kada hoton ƙasan shafi ya sauka sai mai karatu ya gangaro wurinsa.

Muna kira ga shugabannin ma'aikatu: kafin ku karɓi shafi daga hannun mai kwangila, ku gwada shi da ƙaramar salula a ƙauye, ba da kwamfutar ofis a Yamai ba. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki. Shafin da talaka ya kasa buɗewa bai isar da saƙon hukuma ba.