Idan Akwatin Kifi Na Gilashi Ya Fara Yoyo

A wannan mako za mu duba wani abu da ake gani a gidaje da ofisoshi da otal-otal na biranenmu, tun daga Legas da Ibadan har Abuja, Kaduna da Kano, watau akwatin gilashi da ake cika shi da ruwa a saki ƙananan kifaye masu launi a ciki domin ado. Abin yana da ban sha'awa ƙwarai. Amma fa ranar da maigida ya wayi gari ya tarar da danshi a ƙarƙashin teburin, to, sha'awa ta koma fargaba, domin abu uku ne ke cikin hatsari a lokaci guda: ran kifayen, kayan ɗaki, da lafiyar yaran da ke wasa kusa da gilashi da wayar lantarki.

Kafin mu kai ga gyara, ya kamata mu san asalin abin. A shekarar 1853 aka buɗe gidan nunin kifaye na farko domin jama'a a gidan namun daji na birnin Landan, kuma wani masanin halittu Bature mai suna Philip Henry Gosse shi ne ya yayata wannan sha'awa a Ingila da littafin da ya wallafa a 1854. Akwatunan wancan zamani firam ɗin ƙarfe gare su, ana danna gilashi a ciki da foti, kamar yadda ake yi wa taga. Sai a shekarun 1960 gam ɗin silikon ya yaɗu, aka fara haɗa gilashi da gilashi ba tare da ƙarfe ba. Saboda haka akwatin da ke ɗakinka a yau, ba abin da ke riƙe da shi sai siririn layin gam. Wannan layi kuwa yana tsufa.

Mutane da yawa suna raina nauyin ruwa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Akwati mai tsawon santimita 100, faɗin 40, tsayin 50, yana cin lita 200, watau nauyin buhun siminti 4, ban da gilashin kansa da yashi da duwatsun da aka zuba. Har wa yau ruwan yana tura bangon gaba waje da ƙarfin da ya kai kilo 125, kuma kashi 3 cikin 4 na wannan turi yana kan rabin bango na ƙasa. In aka ninka zurfin ruwa sau 2, turin da ke kan bangon yana ninkuwa sau 4. Wannan ne ya sa yoyo ya fi farawa daga kusurwoyin ƙasa, kuma shi ya sa ba a yi masa sakaci. Ɗigon yau shi ne ambaliyar gobe.

Aiki na farko shi ne tabbatar da cewa yoyon ne da gaske. A lokacin hunturu iska takan bushe, ruwa ya riƙa raguwa da kansa ba tare da ya zuba ko'ina ba. Wani lokaci kuma famfon tace ruwa ne ke fantsama, ko tiyon iska ke jawo ruwa waje. To, sai ka cire duk wayoyin lantarki daga soket tun kafin hannunka ya taɓa ruwa. Ka goge bayan akwatin ya bushe sarai, ka manna salatif a daidai bakin ruwa, sa'an nan ka shimfiɗa busasshiyar takardar jarida a gindinsa ta kowane gefe. Inda takarda ta fara jiƙa, ta nan ɓarnar take. In ruwa ya sauka ya tsaya a wani matsayi bai ƙara raguwa ba, ramin yana daidai wannan matsayi. In kuwa bai tsaya ba, matsalar tana ƙasa.

Da zarar ka tabbatar, sai ka fara da masu rai. Ka sami baho ko babban bokiti wanda sabulu ko maganin sauro bai taɓa shiga ba, ka cika shi da ruwan akwatin, ka kwashe kifayen a hankali ka zuba su ciki. Ka sa musu na'urar iska, ka rufe da raga domin wasu kifayen suna tsalle, ka ajiye a inuwa, ka kuma rage musu abinci. Soson da ke cikin matatar ruwa kada ka bari ya bushe, kada kuma ka wanke shi da ruwan famfo. A jikinsa ne waɗansu ƙwayoyin halitta masu amfani suke zaune, su ne ke sarrafa gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi. In suka mutu, za ka gyara gilashi lafiya lau, amma kifayen su mutu bayan mako guda ba ka san dalili ba. Bugu da ƙari, kada ka kuskura ka ɗaga akwati da ruwa ko yashi a cikinsa, domin murɗewar da zai yi tana iya buɗe haɗin da a da lafiyarsa ƙalau.

Yanzu sai maganar gam, kuma a nan ne aka fi yin asara. Yawancin mutane da sun ga ɗigo sai su shafa gam mai kama nan take, ko foti, ko kwalta, ta wajen akwatin. Wannan aikin banza ne. Ruwa daga ciki yake turowa, saboda haka duk abin da aka liƙa ta waje, turin zai ɓamɓare shi. Abin da ake bukata shi ne silikon zalla, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da akwatin kifi. Irinsa yakan yi wari mai tsami kamar na ruwan khal sa'ad da yake ɗanye. Ka guji silikon na banɗaki da ɗakin girki, domin an haɗa shi da maganin hana fumfuna, wanda guba ne ga kifi. Ka kuma duba ranar ƙarewar aikinsa, domin wanda ya kwana biyu a shago wani lokaci ba ya bushewa sam. Araha ba ta ado.

Akwai wata ƙa'ida da ya wajaba a riƙe: sabon silikon ba ya kama tsohon da ya bushe yadda ya kamata. Don haka ba a yin faci a wuri guda. In ka lura, gam ɗin akwati kashi biyu ne. Akwai wanda ke tsakanin bakin gilashi da gilashi, shi ke riƙe da ginin. Akwai kuma wanda aka shafa a kusurwa ta ciki, shi ke tare ruwa. In na kusurwa ne kaɗai ya ɗaɗe ko ya fara ɓarewa, sai ka sa sabuwar reza ka kankare shi duka, a dukan kusurwoyin ciki, amma kada ka cusa rezar tsakanin gilasan. Ka yi ta kankara har sai yatsa ya daina jin santsi, sa'an nan ka goge da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da asiton ko sifirit, ka bar shi ya bushe. Ko maiƙon yatsa ya isa ya hana gam kamawa.

Bayan haka ka manna salatif na takarda a gefe biyu na kowace kusurwa, ka bar tazarar kamar santimita 1 daga kusurwar. Ka matsa silikon a layi guda ba yankewa, ka fara da kusurwoyin ƙasa sa'an nan ka hau na tsaye. Ka bi da yatsa sau ɗaya ka danna shi ya shiga, ka cire salatif nan da nan, domin cikin 'yan mintoci gam ɗin yake yin fata. A yi wannan aiki a wuri mai iska, nesa da yara da wuta.

Idan kuwa ka ga kumfa ko fari-fari a cikin gam ɗin da ke tsakanin gilasan, ko bangon yana motsi in an taɓa shi, to, ciwon ya kai ƙashi. Dole a yanke wannan bango a cire shi gaba ɗaya, a kankare bakunansa, a sake haɗa shi da sabon gam, a bar ɗan siririn gam tsakanin gilasan kada su gogi juna, a ɗaure da salatif mai ƙarfi har ya kama. Bangon da ya tsage kuwa, maganinsa canji. Ana iya liƙa wani gilashi a kan tsagar gindin akwati ta ciki, wanda ya zarce tsagar ta kowane gefe, amma a babban akwati da ke ɗakin da yara ke zama, wannan caca ce da bai kamata magidanci ya yi ba. A kai wa mai yankan gilashi awo, a kuma roƙe shi ya goge kaifin bakin. A sani cewa gilashin da aka gasa domin ƙarin ƙarfi ba ya yankuwa, da an taɓa shi sai ya tarwatse.

Gyara ba ya cika sai an kawar da abin da ya jawo ɓarnar, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sanadi na farko shi ne gilashi maras kauri. Gilashin taga mai milimita 3 ko 4 bai dace ba sai ga ɗan ƙaramin akwati. Irin akwatin da muka yi misali da shi, mai zurfin santimita 50, yana son milimita 10, ko kuwa 8 tare da tokari. Domin ka gane ko bango yana yin ciki, ka auna faɗin akwati a ƙarshensa da kuma tsakiyarsa sa'ad da yake cike. In tsakiya ta fi faɗi a fili, yana bukatar tokari. Ana yanko dogayen sillayen gilashi masu faɗin santimita 5 zuwa 8, a liƙa su a kwance a jikin bangon gaba da na baya, ta ciki, kusa da baki. Sa'an nan a ɗora wani sille a tsakiya ya haɗa su biyun. Kada a cika ruwa sai tokarin ya bushe.

Sanadi na biyu shi ne mazauni. Teburin da ya karkace, ko wanda tsakiyarsa ta lotsa, yana murɗa akwati dare da rana har haɗin ya gaji. A aro ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a tabbatar teburin ya daidaita ta kowace fuska. Akwatin da ba shi da firam a ƙasa, a shimfiɗa masa farin soso mai tauri, irin wanda ake kunshe firiji da shi, mai kaurin santimita 1 zuwa 2, domin ƙwayar tsakuwa guda a ƙarƙashin kilo 200 ta isa ta fasa gilashi. A kuma nisanta shi daga hasken rana kai tsaye.

Saura haƙuri, wanda shi ne mafi wuya. Silikon yana bushewa ne daga waje zuwa ciki. A ba shi aƙalla awa 48, in kuwa an sake haɗa bango ko an sa tokari, a ba shi kwana 7. Daga nan a kai akwatin tsakar gida, a ɗora a wuri madaidaici bisa takardar jarida, a cika shi kashi uku, ana dakatawa 'yan awoyi tsakanin kowane kashi. A bar shi cike kwana 2. In takarda ta kwana a bushe, a zubar da wannan ruwa, a mai da akwati mazauninsa babu komai a ciki. Ruwan famfo yana iya ɗauke da sinadarin kulorin mai ƙona matsefin numfashin kifi, don haka a sa masa maganin da ake sayarwa domin wannan, a haɗa da tsohon ruwan da aka adana, a bari zafin ruwan biyu ya daidaita kafin a saki kifayen.

Kifin da aka sa a gilashi ba shi da kogin da zai gudu zuwa, ba shi kuma da bakin kuka. Wanda ya ajiye shi, shi ya ɗauki amanarsa. Duba kusurwoyin akwati sau ɗaya a wata ba ya cin minti 5, kuma rigakafi ya fi magani.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.