HANYA UKU A LITTAFI, ƊAYA GA MATAR TALAKA

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, yau za mu fito da maganar da ake yi da raɗa a bayan ɗaki, watau aikin cire mahaifa. Wani zai ce ina ruwan jaridar jam'iyya da cikin mata? To, duk abin da zai cinye jarin ɗan kasuwa, ya kwantar da matarsa, ruwanmu ne tsundum.

Likita ba ya cire mahaifa don marmari. Ƙari ne ya tsiro a cikinta har jini ya ƙi tsayawa, ko ta zazzago ƙasa bayan haihuwa da yawa, ko ciwon daji ya kama ta, ko kuwa ta fashe wajen doguwar naƙuda. In kwanan aiki ya zo, hanya uku likitoci suka sani. Ta farko a tsaga ciki. Ta biyu a fitar da mahaifar ta gaba, inda ɗa yake fitowa, ba a taɓa fatar ciki ba. Ta uku a huda 'yan ƙananan ƙofofi a ciki, a zura na'ura mai kyamara, likita yana aiki yana duban allo. Wani likita a Amurka, Harry Reich, shi ya ba da labarin yin wannan ta ukun a 1989.

Ku lura da bambancin, don nan kuɗinku yake. Wadda aka tsaga wa ciki takan yi mako shida ko fiye ba ta ɗaukar kaya mai nauyi. Mai fura ko mai ƙuli-ƙuli da ta yi Talata shida ba ta leƙa kasuwar Mafara ba, ina jarinta? An cinye shi a kuɗin gado da magani, masu sayenta kuma sun koma wurin wata. Wadda aka yi wa ta gaba kuwa kwananta a asibiti kaɗan ne, ba ɗinki a ciki balle ya yi ruwa, takan kuma miƙe da wuri. Saboda haka ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta faɗa a 2017 cewa, in ba daji ba ne, kuma hali ya yi, ta gaba ita ce abin fara zaɓa. Ƙasar da ta fi kowa na'urori ke nan fa!

Ba mu ce tsaga ciki laifi ba ne. In ƙari ya yi girman ƙwarya, ko daji ne, ko mahaifa ta fashe jini yana zuba, galibi ba makawa sai shi, ya kuwa ceci rayuka ba iyaka. Abin da muke ƙi shi ne a tsaga mace don kawai ba wanda ya iya ɗaya hanyar a kusa da ita. A Nijeriya yawancin wannan aiki ta tsaga ake yinsa. Na'urar nan mai kyamara tana son lantarki wanda ba ya ɗaukewa, da gwanin sa barci, da kuɗi mai tsoka, sai manyan asibitocin birane. Amma ta gaba fa? Ba ta bukatar injin miliyoyi. Allurar kashin baya, da kayan aiki masu tsabta, da jini a ajiye, da hannun da aka horar, shi ke nan. Ashe horon ne ba a saya ba, don horo ba a yanka masa kyalle a ɗauki hoto.

Yanzu ku ƙirga tare da ni. Ahmad Sani ɗan Bakura ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007. Abdul'aziz Yari ɗan Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019. Bello Matawalle ɗan Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan mulkin Zamfara yana hannun 'ya'yan garuruwan nan uku, jihar da aka kafa a 1996. Tun a 2001 kuwa shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. To, matar da mahaifarta ta zazzago a ƙauyen Maradun, me ya sa har yau in abu ya yi tsanani sai a ce a nufi Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato? Ga kuɗin mota, ga 'yan bindiga a hanya, ga dare. Wadda ta yi kwana biyu tana naƙuda kafin ta iso, hanya ta riga ta yi mata zaɓi, likita sai dai ya yi maza ya ceci rai. Gwamnati mai ci tana gyaran asibitoci, ba mu raina ba, amma gini ba ya riƙe wuƙa.

Mu ma maza muna da namu. Sau nawa mace take zub da jini shekara da shekaru tana ɓoyewa, don tsoron in an cire mahaifa za a yi mata kishiya ko a kore ta? Sau nawa aka tsaya jiran mai gida ya dawo daga cin kasuwa ya sa hannu? Ku sani, abin da ke tsayawa haila ce da haihuwa, zaman aure yana nan yadda yake. Wadda kuma ke son haihuwa, wani lokaci ana iya cire ƙarin a bar mata mahaifar.

Saboda haka in likita ya ce sai aiki, kada kunya ta rufe muku baki. Ku tambaye shi cikin ladabi: ta wace hanya, don me ita, ko ana iya barin mahaifar, kwana nawa kafin ta koma sana'a, nawa ne kuɗin gaba ɗaya. A bar mai ciwon ta ji amsa da kunnenta, jikinta ne.

Masu neman ƙuri'a kuma suna tafe da atamfa da taliya. Shugabannin rassa na Mafara da Bakura da Maradun, da shugabannin mata, ku tare su da tambaya a bainar jama'a: likitan mata nawa ne yake kwana a babban asibitin garinmu, nawa aka tura koyon aiki ta gaba, jini leda nawa ke ajiye daren yau? Ku rubuto mana amsar da suka ba ku, da sunan wanda ya faɗa, za mu buga.