Tabar Da Ba Ta Hayaƙi

Idan aka kama ɗalibi da karan sigari a bayan aji, sai makaranta ta ɗauka baki ɗaya. Amma ƙullin garin taba da ke aljihun dattijo ba wanda ke ko kallonsa. An mayar da shi abokin goro, har wasu na rantsuwa cewa maganin ciwon haƙori ne. Ana ganin tun da babu hayaƙi, babu cuta.

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sanya tabar ci da ta shaƙa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara, rukuni ɗaya da sigari. An gano aƙalla sinadarai 28 masu jawo sankara a cikinta. Kanwar da ake haɗa ta da ita kuwa tana sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri, shi ya sa barinta ke da wuya. Mai ci yakan cusa ta tsakanin leɓe da dasashi, gurbi ɗaya kullum, shekara da shekaru. A wannan gurbin ne farin tabo ko gyambo kan fara fitowa, sau da yawa ba tare da zafi ba. Indiya, inda cin taba ya zama ruwan dare, tana cikin ƙasashen da sankarar baki ta fi yi wa ɓarna.

Mu malamai da baki muke ci. Wanda aka yanke wa ɓangaren harshe ko muƙamuƙi, da me zai tsaya gaban allo?

Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma ce kada a sayar da tabar ci ƙasa da giram 30. Duk wanda ya ratsa kasuwar Talata Mafara, ko ta Bakura da Maradun, ya san ƙulli-ƙulli ake sayarwa, kuma yara ake aika su sayo. Ba mu da ikon rufe rumfar kowa, amma harabar makaranta tamu ce. Muna ganin ya kamata reshenmu ya tsai da magana ɗaya: kada a sake aiken ɗalibi sayen taba, ko wane ne mai aiken. In darasin kiwon lafiya ya zo kan sigari, a ambaci garin taba da sunansa.

Ga masu ci a cikinmu da iyalanmu, duk gyambon baki da ya wuce mako uku bai warke ba, ko fari ko jan tabo, ko kumburi a wuya, a kai shi Babban Asibitin Talata Mafara a duba, kada a tsaya shafe-shafe. In an tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya tafi a makon nan, kada ya jira albashi. Kuɗin motar, reshe ya duba yadda zai taimaka.