Ba Kwamfutar Ce Ta Tsufa Ba

Bara, a lakwal ɗinmu nan Damagaram, saura ƙiris wata ɗalibata ta rasa jarrabawar BEPC. Sunanta na cikin fayil uku, kowane da ranar haihuwa daban, kwamfutar kuma sai ta yi minti goma ba ta buɗe ko ɗaya ba. Me aka yanke? A aza wa iyaye kuɗi a sayo sabuwa. Na ce ban yarda ba.

Da na duba faifan ajiyarta, ya cika maƙil da bidiyon biki da waƙoƙi, rajistar ɗalibai na maƙale a tsakiya. Faifai mai juyawa in ya cika, gutsuttsura fayil ake yi a cusa duk inda aka samu gurbi, allurar karatu ta yi ta yawon tattarowa. A ce a kasuwar Dole an watsa masu hatsi cikin mahauta da masu atamfa, yaushe za ka gama cefane?

Maganin bai ci ko dala ba. Rajista ɗaya tak, kowane yaro da lambarsa, don masu suna iri ɗaya sun fi a ƙirga. Muka share tarkacen, muka kwashe na shekarun baya zuwa wani faifai, muka bar sarari. Kowace Juma'a muna kwafar rajistar mu ajiye daban, saboda ɗaukewar wuta da ƙurar hunturu. Ga ta nan tana aiki har yau.

Iyaye, kafin ku kwance lalita, ku ce a nuna muku abin da ke cikin na'urar. Malamai ƴan'uwana, wanda ke cakuɗa gero da ƙaiƙayi, ko sabon rumbu aka gina masa, haka zai cika shi.